Wata Tara a Jamus Saboda Almakashi

Mutumin da ya tarye ni a filin jirgin sama na Farankfot yana riƙe da kwali, an rubuta sunana ba daidai ba. Sahabi aka raɗa mini, shi kuwa ya rubuta Sabi. Ban gyara masa ba. Dogo ne mai ƙamshin turare, ya kama hannuna da hannu biyu kamar mun saba, ya ce shi ne wakilin kamfanin da gwamnatin jiharmu ta ba kwangila. Tun ranar nake ce masa Wakili, har yau kuma ban tabbata sunan da ya faɗa mini nasa ba ne.

Bari in faɗi abin da ya kai ni. Ni ɗan maƙera ne, haifaffen birnin Sakkwato. Na yi firamare, na ɗan tsinci Turanci, na samu aiki a ɗakin tiyata na asibiti. Ni ke wanke kayan aiki, in dafa su, in wasa wanda ya dakushe. A shekarun nan ne kuɗin mai ya shigo, soja na mulki, kusan kowane wata sai an sauke mana akwatuna daga Turai, wasu ma ba wanda ya san amfaninsu. A cikin guda muka tarar da wani bututun ƙarfe mai madubi da fitila, wanda likita zai huda ɗan rami kusa da cibiya ya zura, ya ga cikin mutum ba sai an tsaga shi ba. Likitanmu na tiyata, Dakta Haliru, ya koyo aikin a Ingila. Sai dai an aiko da bututun da injin hura iskarsa, an manta da kayan hannu, wato dogayen almakasai da hantsakai sirara kamar tsinken tsire, waɗanda ake zurawa ta rami na biyu a kama ko a yanka. Shekara guda bututun yana kulle a kabad. Dakta ya yi ta rubutu har aka yarda a sayo, a kuma tura ni kwas na wata uku in koyi gyaransu, in duba kayan, in sa hannu, in taho da su.

Wakili ya sauke ni a wani ɗan ɗaki a saman kantin wani Baturke, ya karɓi fasfona, wai za a yi mini rajista. Kullum da safe in sa kwat ɗin da na ara wurin wana, in tafi ofishinsa in zauna a kan kujera kusa da ƙofa. In na tambayi maganar kwas sai ya ce mako mai zuwa. Ba kowa a ofishin sai shi da sakatariyarsa, wata dattijuwa mai furfura wadda ba ta taɓa ce mini komai ba ban da gaisuwa. Abincina burodi da shayi, don ina tsoron a ba ni alade ban sani ba. Mako biyar na yi a kan kujerar nan.

Wata safiya ya shigo da jarida, ya shimfiɗa a gabana, ya nuna hoton wasu sojoji. An yi juyin mulki a gida. Daga ranar fara'arsa ta ragu, ya shiga gaggawa. Bayan kwana kaɗan ya ɗora wani akwatin fata a kan tebur ya buɗe. Ga almakasan da hantsakan nan a jere a kan jan ƙyalle suna walƙiya, kowanne da hatimi a jikinsa. Ya tura mini takarda da biro.

Na ce ya ba ni kwana ɗaya.

Na tafi da su ɗaki. Na jiƙa auduga na sa almakashin farko, sai ya tauna ta maimakon ya yanke. Na biyu ma haka. Na ɗaga hantsakin wajen taga na matse, ina ganin haske tsakanin haƙoransa. Na narka gishiri a kofi na tsoma guda biyu na bar su suka kwana. Da safe mahaɗarsu ta yi ja da tsatsa.

Na mayar masa na nuna. Bai ko duba ba.

Ya ce, "Asibitinku a bakin hamada yake. Wa zai duba wannan?"

Na ce, "Ni aka aiko in duba."

"Waɗanda suka aiko ka yau ba su da kujera. Ana ta korarsu ta rediyo, ba ka ji ba? Sa hannu ka karɓi fasfonka da tikitinka ka koma wurin matarka. Zan haɗa maka da rediyo mai kaset."

Ba zan ɓoye ba, na ɗauki biron. Na baro matata Kulu da ciki wata bakwai, kuma na gaji da burodi, na gaji da garin da ba mai amsa sallama. Amma na san ƙarfe. Irin wannan in bakinsa ya ɓalle a cikin mutum, ta ramin da yatsa ma ba ya shiga, sai an tsaga shi gaba ɗaya kafin a nemo guntun. Kuma ni zan miƙa wa Dakta shi a kan faranti. Na ajiye biron na ce a canza kayan. Ya rufe akwatin a hankali ya ce to, in dawo jibi.

Jibi na tarar da ofishin a kulle, an cire allon ƙofar. Na buga har hannuna ya yi zafi. Na zauna a kan matakala ban san iya lokacin da na ɗauka ba, ga ni ba fasfo ba tikiti. Da na fito titi sai na hangi sakatariyar tsaye a wurin jiran mota, ta ɗaura ɗankwali. Ta zo ta wuce ta gabana, ta cusa mini ambulan a aljihun kwat, ba ta tsaya ba. Fasfona ne a ciki, da wata 'yar takarda da ta rubuta sunan wani gari a kudancin ƙasar. A ƙasa ta rubuta da Turanci: a nan ake ƙera na gaskiya.

Baturken ya bar ni a ɗakin ina sauke masa kwalaye. Na rubuta wa Dakta, na rubuta wa ma'aikatar lafiya, na rubuta wa Sista Saratu, shugabar nas-nas ta ɗakin tiyata. Ita 'yar Filato ce, ubanta malamin makaranta, amma a unguwar Gawon Nama cikin Sakkwato ta tashi, bakinta Sakkwatanci ne zalla. Ita kaɗai amsarta ta zo. Na haddace wasiƙar don yawan karantawa.

"Malam Sahabi, Kulu ta sauka lahiya, ɗiya mace, an sa mata Asma'u. Wanka na Kalambaina shi yay yanka rago. Amma ka yi haƙuri da abin da za ni hwaɗa maka. Mutumin nan ya bugo waya ma'aikata yac ce ka amshi kaya ka sa hannu, ka ɓace. An tsai da albashinka. Sunanka na cikin takardar da anka kai ma kwamitin soja. Dakta ya rantse musu ba halinka ba na, sun ce shi ma shi yi ta kansa. Kulu ba ta hita ko ƙohwar gida. In za ka zo, kak ka zo hannu wohi."

Na yi niyyar zuwa ofishin jakadancinmu in roƙi a mayar da ni gida, kuma na san da sun taimaka. Wasiƙar nan ta hana ni. In na sauka ba kaya, ɓarawo ne ya dawo, kuma 'yar da ban gani ba za ta tashi da wannan sunan. Na sayar da agogona na shiga jirgin ƙasa zuwa garin da dattijuwar ta rubuta.

Ƙaramin gari ne a bakin kogi, tsakanin duwatsu masu duhun itatuwa. Tun daga tasha na ji ƙarar da na sani, ƙarar dutsen washi. Kusan kowane gida akwai maƙera a ƙarƙashinsa, sai dai ba wuta ba zuga-zugi, injuna ne da fitilu. Raina ya ɗan yi sanyi. Na ɗauka in na ce ni ma maƙeri ne za a buɗe mini.

Kwana tara ina bin ƙofofi. Ban iya Jamusanci ba, su kuma yawancinsu ba su jin Turanci. In nuna hannuwana, in kwatanta washi, a girgiza kai a rufe ƙofa. A manyan kamfanoni ko mai gadi ba na wucewa. Wata mata ta sakar mini kare. Sanyi ya fara shigowa, irin wanda ban san akwai shi a duniya ba, ga kwat ɗin wana ba kauri. Ina fakewa a ɗakin jiran fasinja har a kore ni. Abin da ya riƙe ni tuffa ce da ke faɗowa daga itatuwan bakin hanya, in tsinta in goge in ci, har cikina ya ɓaci. A rana ta bakwai na ga fuskata a gilashin wani kanti na tsorata.

Rana ta tara ina sallar la'asar a bayan tasha a kan kwali, da na sallame sai na ga mutum tsaye yana jira, gajere mai gashin baki, da manyan akwatuna biyu. Ya ce, "Assalamu alaikum." Wata uku ke nan rabona da jin wannan daga bakin wani ban da Baturken. Na buɗe baki in amsa, sai kuka ya zo. Ya zauna a kan akwatinsa ya jira na gama.

Sunansa Yaƙub, mutumin Pakistan. Ya kai ni ɗakin da ya kama, ya dafa shinkafa da wake mai yaji, ya hana ni magana sai da na cinye. Sannan na ba shi labari da guntun Turancina. Bai yi mamaki ba ko kaɗan. Ya buɗe akwati guda, cike da almakasai da hantsakai baƙaƙe, ba a goge su ba.

Ya ce, "A garinmu kowane lungu maƙera ce. Mu muke ƙera waɗannan, in kawo nan. Su zaɓi masu kyau, su goge, su buga hatimi, su sayar wa duniya da tsada. Asibitin garinmu ma yakan sayi almakashin da ƙanena ya ƙera, bayan ya zo Turai ya koma da hatimi."

Na ce, "Waɗanda ba a zaɓa ba fa?"

"Ba a zubarwa, ɗan'uwa. Akwai masu saye a buhu, irin mutuminka. Su goge su yi ƙyalli, su sami hatimin ƙarya, su aika ƙasashe irin taku da kuɗi ya zo wa farat ɗaya. Sun san ba mai tsoma su a ruwan gishiri."

Na tambaye shi dogayen nan sirara na aikin rami. Ya ce waɗannan sabon abu ne, su ba su fara ba tukuna, a garin nan ma masu yin su da kyau ba su da yawa. Amma ya san wani tsoho.

Tsoho Oto yana zaune shi kaɗai a ƙarshen gari. Matarsa ta rasu, 'ya'yansa biyu sun tafi kamfanin mota sun bar masa maƙera. Shi ke yi wa wani babban kamfani dogayen kayan nan, su zo su kwashe su buga sunansu. Yaƙub ya yi masa bayani da Jamusanci, tsohon yana kallona ta saman tabarau ba alamar tausayi. Ya jawo wani dakusasshen almakashi da dutse ya ajiye a gabana. Na hura wa hannuwana iska, na yi bisimilla, na wasa shi yadda babana ya koya mini. Ya jiƙa wata 'yar takarda mai laushi ya yanka. Ya sake yankawa. Sai ya nuna mini wani ɗaki a bayan maƙerar, inda yake ajiye kwalaye, akwai gadon ƙarfe a ciki.

Aikin guga ya ba ni. Tun safe har yamma ina tsaye gaban wani faifai mai juyawa ina goge ƙarfe, baƙar ƙura na shiga hanci da maƙogwaro. In na yi kaki baƙi ne. Yatsuna suka tsattsage. Dogayen kayan da na zo dominsu kuwa ko taɓawa bai bari in yi ba, suna can kan teburinsa a ƙarƙashin fitila. Ba ma magana sai da hannu da wani ƙaramin ƙamus da ke rataye da igiya. Yaƙub ya sayar da kayansa ya koma ƙasarsu, ya ce sai ƙarshen sanyi.

Sai dusar ƙanƙara ta sauko. Rana ta daina fitowa sosai, gari ya waye a makare ya rufe da wuri, na rasa gane lokutan salla. Tari ya kama ni, zazzaɓi ya biyo. Ranar Babbar Salla na lissafa da kaina na gane ita ce, na sa rigata ta gida a kan kwat na fita da hantsi, ba inda za ni. Na bi titi ina tuna layin masu ƙuna, wato gashin ragunan layya, a unguwarmu, da hayaƙi, da yadda Kulu ke soya kayan ciki ta ɓoye mini hanta. Na isa kan gada na tsaya. Wata shida ke nan, ban koyi komai ba sai guga, ba kaya, ba tikiti, wasiƙu biyu na ƙarshe ba amsa. Na daɗe ina kallon ruwan. Abin da ya zo mini a rai a wurin ba zan rubuta shi ba. Na nemi tsari da Allah na saki ƙarfen gadar, na juyo ina tafiya ina faɗuwa.

A ƙofar gida na tarar da 'yan sanda biyu suna magana da Oto. Wani maƙwabci ne ya kai ƙara cewa akwai baƙar fata a gidan. Suka karɓi fasfona, izinin zamana ya ƙare tun tuni. Ɗayan ya kama hannuna. Ni dai ban ji abin da tsohon ya ce ba, amma ban taɓa jin muryarsa ta tashi haka ba. Ya shiga ya sako hularsa da babbar kwat, ya biyo mu har ofis, ya zauna kusa da ni awa huɗu. Ya cika takardu, ya sa hannu cewa ni ɗan koyonsa ne, shi ke ɗauke da ni. Aka ƙara mini wata uku.

Da muka dawo ya kwantar da ni, ya kira likita, ya yi ta dafa mini romon kaza har na tashi. Ran da na fara zama, ya jawo kujera da ƙamus ɗin nan, ya nemo kalma ya nuna mini da yatsa. Kalmar ita ce: me ya sa.

Na ba shi labarin da ban ba Yaƙub ba. Ina da ya, wato yayata mace, Inno, ita ta goye ni. Ta yi fama da ciwon ciki, aka rasa gane kansa, aka ce sai an buɗe an gani. Aka tsaga ta tun daga ƙirji har ƙasan cibiya. Abin da aka tarar ɗan ƙarami ne, aka cire cikin minti kaɗan. Amma bazara ce, zafin Sakkwato, ɗinkin ya ruɓe. Kwana goma sha ɗaya ta yi ta rasu. Ni na wanke kayan da aka yi mata aiki da su. Na kwatanta masa tsawon tsagar a jikina, na nuna masa kalmar ya, na nuna kalmar mutuwa. Ya rufe ƙamus ɗin ya tashi ya fita.

Washegari na tarar da sandunan ƙarfe sirara a kan teburinsa, da kujera ta biyu. Ya nuna ni, ya nuna su.

Ashe duk abin da na sani a ƙira wasa ne. Bakin almakashin bai kai ƙwayar shinkafa biyu ba, kuma daga can nesa ake motsa shi da wata siririyar sanda da ke ratsa cikin bututu. Sai da madubin ido ake aikin. Na farko da na gama, mako biyu ina kansa, ya duba ya jefa a kwandon shara. Na biyu ya danne a ƙarfen matsi ya karya a gabana don in ga inda ƙarfen ya yi rauni. Na yi fushi na fita waje na tsaya cikin ƙanƙara, na dawo na tarar ya ajiye mini wata sandar. Ya koya mini yadda ake kwance su a wanke ciki, da yadda ake gane wanda ya kusa karyewa tun bai karye ba. Wani lokaci yakan kama yatsuna ya gyara musu zama a kan magagari, ƙarfen da ake gurza aikin da shi, hannunsa kamar busasshen itace.

Sai da ƙanƙara ta fara narkewa na gama guda biyar da bai jefar ba: almakashi biyu, hantsaki biyu, da ƙugiya ɗaya. Ya jiƙa takardarsa ya gwada, ya ɗaga su wajen taga, ya tsoma su a ruwan gishiri kwana uku. Sannan ya naɗe su a ƙyalle mai mai ya miƙo mini. Na nuna masa wurin hatimi. Ya girgiza kai, ya nemo kalmomi ya haɗa mini: hatimi na kamfani ne, ba nasa ba. Shekara arba'in yana ƙira, sunansa bai taɓa hawa kan ƙarfe ba.

Ashe ladan gugar da nake yi yana ajiye mini. Yaƙub ya dawo a lokacin, ya cika abin da ya rage, suka yanko mini tikiti. Oto bai raka ni tasha ba. Ya tsaya a ƙofar maƙera ya ɗaga hannu sau ɗaya, ya koma ciki. Kafin in kai kwana na ji injin ya tashi.

A Ikko, tun daga sama na ga jiragen ruwa cike da teku suna jiran sauke kaya. A wurin bincike wani soja ya kwance ƙyallen, ya juya almakashin yana neman rubutu. Ba takarda, ba rasit, ba hatimi. Ya dube ni ya ce da Hausa, "Wanzami ne kai?"

Na ce, "Kusan haka, ranka ya daɗe."

Ya yi dariya ya naɗe ya miƙo mini. Na bi jirgin ƙasa zuwa Gusau, daga nan na hau bayan babbar mota, ƙyallen na ɗaure a cikina ƙarƙashin riga.

Na shiga unguwarmu Runjin Sambo da azahar, ana tsakiyar zafi. Kulu na tsakar gida tana shanya. Ta juyo ta daɗe tana kallona.

Ta ce, "Kai na?"

Na ce, "Ni na."

Ta zauna a ƙasa inda take, ta rufe fuska da zanen da ke hannunta. Asma'u kuwa da aka miƙo mini ita ta dubi fuskata ta fashe da kuka, sai da ta yi mako kafin ta yarda in ɗauke ta.

Washegari na tafi asibiti. Mai gadi, wanda muka shekara bakwai muna gaisawa, ya sunkuyar da kai ya ce an ce kada in shiga. Sista Saratu ce ta fito ta ja ni ta ƙofar baya har ofishin Dakta. Ya rame, furfura ta fito masa. Ya rungume ni, sannan ya jawo aljihun tebur ya ba ni takardar sallamata daga aiki, an rubuta ta tun wata biyar da suka wuce. Na karanta na ninke na sa aljihu. Na kwance ƙyallen a kan teburinsa.

Ya ɗauki guda ya jujjuya. Ya ce, "Sahabi, wane kamfani na? Ban ga hatimi ba."

Na ce, "Babu, Dakta. Ni niy yi su."

Ya ajiye a hankali. "Ka san halin da muke ciki. In wani abu yaf faru, anka tambaye ni ina nis samo, mi za ni ce?"

Wata tara, ga inda ta ƙare. Na fara naɗe ƙyallen.

Sista ta dafe shi da hannu. Ta ce, "Dakta, masu hatimin nawa munka zubar bana?" Ta fita ta dawo da auduga a jiƙe, da safar hannu ta roba, da zaren ɗinki. Ta miƙa masa almakashin. Ya yanka audugar, ta rabu ba ko zare. Ya yanka robar. Ya kama zaren da hantsaki ya ce ta ja, ta ja har zaren ya tsinke, hantsakin bai saki ba. Ya yi ta buɗe almakashin yana rufewa kusa da kunnensa. Daga nan ya ce ta ɗauko mabuɗin kabad.

Bayan kwana shida aka kawo wata mata daga wajen Kalambaina, matar wani mai fasa dutse, shekara biyu tana fama da ciwon mara tun wata haihuwa da ta yi. Ni ba ma'aikaci ba ne, don haka a gindin dogon yaro na zauna, nesa kaɗan da mijinta, bai san ko ni wane ne ba. Ina ta lissafa abin da zai iya karyewa. Na tuna wata 'yar ƙusa a hantsaki na biyu da na so in ƙara ɗaurewa ban yi ba. Na kasa ko addu'a sai maimaita sunan Allah.

Ba a yi awa ɗaya ba Sista ta leƙo ta taga ta yafuto ni. Na tashi na nufi tagar.

Ta ce, "An gama. Wata tsoka ta, ta manne, Dakta ya yanke ta. Zo ka kwance kayanka ka wanke, ba wanda ya iya."

Kwamitin bai kama ni ba, bai kuma wanke ni ba. Takardata ta ɓace a wani ofis, na shekara biyu ina aikin a matsayin leburan yini kafin a mayar da ni. Wakili kuwa ban sake jin ɗuriyarsa ba. Na rubuta wa Oto sau uku, Dakta ya sa aka juya mini da Jamusanci. Ta ukun ce ta dawo ba a buɗe ba.

Amma washegarin aikin nan ina ɗakin wanki na ji hayaniya a baranda. Na fito, ashe mijin matar ne, ya tare Sista, ransa a ɓace. An ce masa gobe za a sallame su.

Yana cewa, "Ku ji tsoron Allah. Maƙwabcina da anka yi ma aiki wata guda yay yi kwance, ɗinki har nan. Wagga ɗan filasta biyu kunka manna mata. Don mu talakawa na shi as sa ba ku yi mata komi ba?"

Sista na ƙoƙarin yi masa bayani, ba ya saurare. Sai ga matar ta fito daga ɗakin da ƙafafunta, tana dafa bango, ɗayan hannun riƙe da kwanon koko. Ta tsaya a bakin ƙofa ta dube shi.

Ta ce, "Malam, bar musu hayaniya. An yi. Ni ad da cikin, ni nis sani."

Ya juya ya gan ta a tsaye. Ya cire hularsa ya riƙe a hannu. Ni kuma na koma ciki, ruwan da na ɗora ya tafasa.